Faifan sunan da na kai wa Inna

A shekarun nan sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce a Birnin Konni. Ina da shago bayan tasha, da kwamfuta guda, da wata sabuwar kyamara da na tsallaka iyaka na sayo, wadda ba ta cin kaset, sai ɗan kati kamar farce. Hotonta tar yake, har gashin gira kana iya ƙirgawa. Na cika baki da ita sosai, ban ɓoye ba.

Da ita na ɗauki sunan ɗan ƙanwata a Illela. Baba ne ya yi addu'a a zaure, ya daɗe yana yi, har mutane suka fara gyara zama. Bayan sati uku ya rasu.

Ban yi kuka ba. Na yi ta karɓar gaisuwa ina cewa amin, kamar mutuwar maƙwabci ake yi mini ta'aziyyarta. Ran da zan koma Konni, Inna ta kira ni ɗakinta. Yanar ido ta riga ta rufe mata gani, sai inuwar mutum take gane.

"An ce ka ɗauki babanku cikin abin nan naka."

Na ce e.

"To ka kawo min in ji shi."

Sai dai abin da kyamarar ke ɗauka ba ya hawa faifai haka kawai. Dole a juye shi a kwamfuta, ta niƙa shi ta mayar da shi irin wanda faifai ke karɓa. Da na yi ƙaramin faifai irin na kowa, da yini ɗaya ya isa, amma fuska sai ta dushe. Na ce Baba ba zai dushe ba, babban zan yi masa. Kwana uku ina zaune ina kallon wani koren layi yana rarrafe a fuskar kwamfutar. Sau biyu aka ɗauke wuta ya koma farko. Ban yi tsaki ba, ni da na saba zagin wuta har a ji ni daga tasha. Hannuna ne ke aiki, ni ban san inda nake ba.

A sana'armu, bidiyon biki ba a barin sa da hayaniyarsa. Cire sautin ake yi a ɗora kiɗa, don masu biki ba sa son jin kukan awaki da gardamar masu rabon goro. Na saba har kwamfutar ma ta saba, danna wuri ɗaya nake yi. Faifai ya fito, na rubuta "Suna, Illela" a kansa. Washegari akwai auren ɗiyar wani mai motoci, sai na goge katin, na share na kwamfutar don a samu wuri, kamar kullum.

Inna tana takaba, ba ta fita, kuma irin wannan faifai ba kowace na'ura ke karanta shi ba. Sai da na je Malbaza wurin wani ɗan'uwanmu da ke aiki a kamfanin siminti, na aro tasa, da talabijin, da ɗan janareta. Da hantsi muka jona komai a ƙofar ɗakinta. Ƙanwata ta shimfiɗa tabarma.

Ga Baba nan. Ga zanen hularsa, ga tabon da ke haɓarsa, ga jijiyoyin hannuwansa a ɗage. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba. Bakinsa yana motsi, kalangu yana tashi.

Ƙanwata ta juyo ta dube ni. Ni kuma na dubi janareta.

Inna ta karkato kunne, ta jira. Can ta ce, "Ku rage kiɗin nan. Shi na ka son ji."

Na rage. Ba abin da ya saura a gidan sai ƙarar janareta.

"Ya hwara?"

"Ya fara, Inna."

"Mi ya ce?"

Ranar sunan ina wurin, taku uku tsakanina da shi, ina gyara haske a fuskarsa. Na lalubi kaina ko kalma ɗaya ban samu ba. Na zuba wa leɓunansa ido a talabijin har ya shafa addu'ar.

Inna ta ji shirun ya yi yawa, ta ɗaga hannuwa ta shafa ita ma, ta ce amin. Sannan ta ce a kashe injin, mai yana ƙonewa a banza.