Malam Sahabi da kaskon Inna

Da safen nan ina shirin fita kasuwa aka bugo mini waya: Malam Sahabi mai wayarin ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Duk mai sola a unguwarmu a Illela ya san shi. Idan gyaran ƙarami ne, ko ruwa ba ya tsayawa sha.

Ni abin da ya haɗa mu ƙirjin mahaifiyata ne. Inna tana kwana da kaskon garwashi a ɗaki a rufe, ta tashi da tari kamar ranta zai fita. Likita ya ce ko ta bar hayaƙi, ko hayaƙi ya kai ta. Malam Sahabi ya kawo farin allon nan na ɗumama ɗaki da ake kira infirared, ya ƙara batir, ya kafa shi a bango yana kallon gadonta.

Inna ta harari allon ta ce, "Wuta ba harshe ba toka? Mi za ta yi min?"

Ya ce, "Hajiya, ba iska taka ɗumamawa ba, jiki taka ɗumamawa, awa hantsi. Zamna ki ji."

Ta zauna, ta ji, har gyangyaɗi ta yi. Amma tari bai tafi ba, na rasa dalili. Shi ya gano. Makon jiya ya biyo da sassafe duba batir, ya tarar da mata biyu a ƙofarta riƙe da sakaina, sun zo ɗibar wuta. Ashe Inna, sarkin taurin kai, tana hura kaskonta a ɓoye, a ƙarƙashin allon ma.

Ta ce masa tun kakarta a Kalmalo, zamanin da Nasara suka shigo, a ɗakinsu maƙwabta ke ɗibar wutar safe. Ba a kanta za a ce wutar ta mutu ba.

Ni da na iso na ji, na fara faɗa. Shi kuwa durƙusawa ya yi ya ce, "Hajiya, wutar ta mutane ce, ƙirjin naki ne. Hidda musu ita tsakar gida. Ba ni son in zo in iske allo shina aiki, mai ɗaki babu."

Ta ce za ta yi tunani. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ɗazu na gaya mata rasuwar. Ta tashi da ƙyar ta rungumi kaskon, na miƙa hannu ta hana ni. Da kanta ta kai shi gindin darbejiya, ta zauna a gefensa tana kuka. Ni ma na yi.

Allah Ya jiƙan Malam Sahabi, Ya haskaka makwancinsa, Ya raya abin da ya bari. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.