Fitilar motata da dattijon Garo

Jiya bayan magariba ina dawowa daga Kabo, sai wani dattijo a bakin titin Garo ya ɗaga min hannu. Na tsaya.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Da na ga kana ƙifta min fitila, na san ɗaukata za ka yi."

Kunya ta kama ni. "Baba, lalacewa ta yi. Kuɗin sabon ƙwan fitilar nan ya fi ƙarfina yanzu."

Ya ce in buɗe bonet, wato murfin injin. Ashe tsohon mai gyaran wayar mota ne. Ya kankare tsatsar bakin wayar, ya ɗaure ta tamau. Haske ya tsaya cak.

Har Gwarzo na kai shi. Da fitilata lafiya take, wallahi da na wuce shi. Ku fa, da kun tsaya?