Mutanen Dangoma da Suka Ɓace a Kwamfutar Ƙanina

Da labari ya iske ni a Gwandu cewa manoman Dangoma sun ɓace daga jerin masu karɓar irin shinkafa, ban yi mamaki ba. Ƙanina ne sakataren ƙungiyarsu a Kalgo, kuma a Wurogauri yake aure. Sunayen surukansa kuwa ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. An ba shi zuwa Juma'a ya yi bayani ko ya ajiye muƙamin.

Na shekara ashirin ina koyarwa. Na san fuskar mai gaskiya, na kuma san yadda ake aronta.

"Yaya, wallahi ban goge kowa ba," in ji shi da na same shi a Kalgo. "Shafin kwamfutar ne."

"Shafin ya yi aure a Wurogauri?"

Bai yi dariya ba. Ya turo mini kwamfutar. Wata uku ke nan da ya fara koyon JavaScript, yaren ba kwamfuta umarni, har ya rubuta 'yan layuka masu gyara sunaye. Na karanta su kamar takardar ɗalibin da na ga yana leƙen maƙwabcinsa, ina neman inda aka ambaci Dangoma. Babu. Wannan ya ƙara mini zargi. Mai wayo ba ya sa hannu.

Sai na sa muka shigar da suna ɗaya ɗaya, muna duba abin da ke fitowa. Layukan suna yanka suna a kowane giɓi, su riƙe kalmar farko da ta ƙarshe, su zubar da na tsakiya, sannan su goge maimaici. Darasin da ya kwafo layukan daga ciki na mutanen da suna biyu ya ishe su ne. Mu kuwa rabinmu sunan Ma'aiki muke ɗauke da shi a gaba, laƙabin da ake kiranmu da shi yana tsakiya, garinmu a ƙarshe. Surukansa da sunan uba suka rufe, suka tsira. Mutanen Dangoma suka rufe da Dangoma, na'ura ta mai da masu sunan farko iri ɗaya mutum guda.

Muka sa ta riƙe sunan duka, ta haɗa da lambar waya. Suka dawo.

Ranar Juma'a na yi wa taro bayani a kan allo. Wani dattijo ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Malam, mun ji. Kai kuma wansa ne, ko?"

Suka bar masa muƙamin, da sharaɗin ya riƙa karanta jerin da baki, a gaban kowa. Ni ma na ɗaga hannu na goyi bayan sharaɗin.