Inna Na da Shawara

Shekarar da ciwon shawara ya ɓarke a ƙauyukan bakin ruwa, ina kabu-kabu a Yelwa. Na gudu daga makaranta, kamun kifi ma na kasa zama cikin jirgi, sai na bar Inna da ƙanwata can gefen Warra na taho gari.

Lokacin kamfe ne. A teburin mai shayi maganar ɗaya ce: wani ɗan takarar shugaban ƙasa ya shiga rediyo ya ce sauro ke kawo ciwon, kowa ya je rigakafi, kar a jira sai ya ci zaɓe. Wasu su ce gaskiya ya faɗi, wasu su ce da sauronmu yake neman ƙuri'a. Ni abin da na riƙe, in idon mutum ya yi ruwan ɗorawa, to sai addu'a.

Ina ɗauke da fasinja ƙanwata ta kira. Sabis na yankewa.

"Yaya, ka zo gida, Inna na da shawara."

Ɗif, layi ya mutu.

Nan na sauke mutumin yana zagina. Ban san yadda na bi ramukan hanyar Warra ba, ina ta lissafin wa zai ba ni aron mota zuwa asibiti.

Na iske ta tsugune gaban murhun banda tana juya kifi. Ko sallama ban yi ba, na kama fuskarta na buɗe idon da yatsa. Fari tas, sai jan hayaƙi.

"Kai, mi ah haka? Hannunka warin fetur!"

"Cewa anka yi kina da shawara."

Ƙanwata ta faɗi ƙasa don dariya.

"Awo, ina da ita," in ji Inna. "Zauna ka ji."

Ashe masu rigakafi sun iso Warra, mata kuma na ta cewa in sun shafa miki tawada a yatsa, kin dangwala ma mutumin rediyo ke nan. Ita ko tana da nata gwanin, shi ne take son mu yi shawara: ta je allurar ko ta bari.

"Inna, allura daban, ƙuri'a daban. Tashi mu tahi yanzu."

Ta ɗauko mayafi, ta hau bayana ta damƙe rigata.

"Tuƙa sannu, ja'iri, kar ka riga sauro kashe ni."