Sunayen da Baba Ya Hana a Goge

Yau sunan wani manomin garin Kucheri da ya rasu ya bayyana a sabuwar kwamfutarmu, sai na tuna Baba. Shi ya rubuta tsohon tsarin kamfaninmu na auduga a Gusau, da harshen kwamfuta irin na da. Bara muna sabunta shi kafin shekarar dubu biyu, na ce mu goge sunayen manoman da suka rasu.

Baba ya ajiye shayinsa, koren hasken allon a farin gemunsa. "Haba ɗana! In sunansu ya bayyana nake musu addu'a. Ka goge, wa zai tuna su?"

Na kwashe su kaf zuwa sabon tsarin. Da Baba ya rasu, na ƙara sunansa.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya yawaita masu tuna shi.