Dambun Gwaggo a Soron Ɗinki

Ana sallame sallar asuba muka ɗau hanyar Kano daga Zariya, ranar Alhamis ɗin nan da ta wuce, mu huɗu a motar ƙawarmu. Tun muna makaranta muke tare, kuma mun saba mu karanta littafi ɗaya, mu haɗu a gidan wata mu yi ta musu a kansa. Wannan karon 'yar Kanon cikinmu ta ce sai dai a yi zaman a cikin birni, a gidan gwaggonta da ke Soron Ɗinki.

Littafin labarin wasu mata uku ne da aka yi wa tambarin maita, aka kore su daga gari, suka kama gida ɗaya suka zama 'yan'uwan juna. Ai ba mu jira Kano ba, tun kafin Kwanar Dangora musu ya kaure. Ni na ce zumuncin matan nan ya fi na jini. Mai motar ta ce marubuciyar ta cika jan zance. Babbarmu kuwa, wadda muke kira Hajiya, cewa ta yi ba ta taɓa buɗe shi bayan magariba ba, kuma duk shafin da aka ambaci ƙanƙarar maita sai ta ce kurwata kur. "Ku dai ku yi ta bokonku," in ji ta, "ni ban ce babu maita ba." Muka yi ta yi mata tsiya.

Hanya ba laifi, in ban da tireloli da suka ɗauka gadon gidansu ce. A Kwanar Gafan tumatir ya yi arha har mai motar ta manta da littafi, ta cika but. Da muka kusa Kura sai 'yar Kano ta ce mu saurara. Shekarun baya ɗan maƙwabtan gwaggonta ya yi zazzaɓi mai zafi, yana sambatu ya kira sunanta. Aka taru aka tilasta mata ta tsallaka shi, wai ta sakar masa kurwa. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara cin abincinta a lungun. In ta aika da kwano, yadda ya tafi haka yake dawowa. Baƙo kuma da an ajiye masa sai ya ce azumi yake yi. "Tun jiya take gyaran zogale saboda ku," in ji ta. "Wadda ta san ba za ta ci ba ta faɗa min yanzu, mu juya." Ba wadda ta ce a juya.

Ta Ƙofar Na'isa muka shiga, 'yan adaidaita sahu na ta yanko mana ta ko'ina. Da yake da sauran safiya, muka fara leƙa Kurmi, inda Hajiya ta yi cinikin turaren wuta har mai shagon ya ce, "Hajiya, ke Bazazzagiya ce ko?" Daga nan sai Jakara, don ba a zuwa birni a ƙi cin gurasa. An ƙara mata kuɗi an rage mata faɗi, amma bandashen nan da ƙuli da man gyaɗa yana nan yadda na san shi. Muka miƙa wa Hajiya ta girgiza kai. Sai a lokacin muka tuna yau Alhamis, ita kuma ba ta shan azumin Litinin da Alhamis. Na dubi 'yar Kano, wallahi fuskarta ta canza. Uzurin da ya fi ci wa gwaggo rai, shi muka ɗauko mata tun daga Zariya, ga shi kuma gaskiya ne.

Mota ba ta shiga lungunsu, a bakin titi muka bar ta muka bi tsakanin katangu. Gwaggo 'yar tsohuwa ce fes da ita, tsakar gidanta a share tas. Bayan azahar ta fito da kwanukan samira da ka gani ka san sun daɗe a kabad, ta jera mana dambu yana tururi. Sai ta koma can bakin ƙofar ɗaki ta juya mana gefe, don kada a ce ta kafa wa wata ido. Wannan juyawar ta tsaya min a rai.

Mu uku muka wanke hannu. 'Yar Kano ta buɗe baki za ta yi wa gwaggo bayani, Hajiya ta ɗaga mata hannu. Ta jawo kwano ta ce, "Gwaggo, matso kusa ki zuba min da hannunki, ki sa min yaji da yawa." Na raɗa mata, azumin fa? Ta ce, "Nafila ce, zan rama." Ta yi bisimilla ta kai loma. Gwaggo ta ƙara mata, ita kuma ba ta ce ya isa ba. Matsoraciyar da muka yi wa dariya a hanya ita ta fi kowa ci, kuma ban taɓa alfahari da ƙawa kamar ranar ba.

Da muka koma kan littafin gwaggo na nan zaune a tsakiyarmu. Muka ba ta labarin a taƙaice. Ta tambaya, "Su matan nan, wa yake cin abincinsu?" Muka ce junansu. Ta ce, "To ai suna da gata." Daga nan musun bai ƙara yin zafi ba, har mai motar ta janye maganar jan zance.

Goron Dutse da muka shirya hawa sai dai wani jiƙon, don la'asar ta yi mana a gidan. Mun iso Zariya lafiya, sai dai tumatir ya ɗan matsu, Hajiya kuma har yanzu ba ta ce babu maita ba. Abin da na koya shi ne, zumunci a baki kowa gwani ne, a gaban kwano ake gane na gaske. Da za mu fito daga gidan mun tattara kwanukan za mu wanke, gwaggo ta karɓe su ta rungume. Ta ce mu bar mata, ita za ta wanke abinta, ta daɗe ba ta ga kwanonta wayam ba.