Rabin Mayafin Mallt

Mallt kakar mahaifiyata ce. Ba ta taɓa mallakar ko tunkiya ɗaya ba, amma duk abin da iyalinta suka sa a jiki na ulu ne. Kowace shekara kafin a yi wa tumaki aski, matan ƙauyenmu kan hau tsaunin Tregaron su tsinto gashin tumakin da ƙaya ta fizge. Kowacce da hanyarta ta gado. Wadda ta rasu kuwa, ana barin tata shekara guda ba a taɓa.

Shekarar da Mallt ke da cikin fari, wani mai gona ya zagaye hanyarta da katangar dutse. Haihuwarta za ta faɗo cikin sanyi, ga shi ba ta da mayafin naɗe jariri a ƙirji. Sai ta juya ta bi ta Leisa, wadda ta rasu wurin haihuwa wata uku da suka wuce, ita da ɗan.

"Ke Mallt, wannan da mai ita," in ji Sioned ƙawarta.

"Mai ita ta daina jin sanyi."

"To in kun haɗu ki gaishe ta."

Da hantsi hazo ya rufe tsaunin. Mallt ta ce ta hango mace a gabanta tana duƙawa tana ɗagowa, ba ta waiwaya. Duk ƙayar da ta isa, sai ta tarar an tara gashin an dunƙule, da ɗuminsa. Ta cika buhu.

Ta kaɗa zare, masaƙi ya saƙa mayafi, ta haifi kakata. Amma da an sa yarinyar cikin mayafin sai ta sandare, ta ƙi nono, ta yi ta matsawa gefe kamar ana tura ta. Mallt kuma kafaɗarta na jin nauyin 'ya'ya biyu. Kwana tara yarinya na ramewa.

A rana ta goma ta ɗauki almakashi ta raba mayafin biyu, ta kai rabi kabarin Leisa ta danne da dutse. Ta ce, "Ga naki, yaya. Ki bar mini nawa."

A ranar nan yarinyar ta kama nono. Rabin da ya rage bai isa zagaye kafaɗa ba, sai Mallt ta riƙa ɗaure shi da igiya. Yana cikin akwatina yanzu. Mun goyi mutum goma sha ɗaya a ciki, kuma har yau ba wadda ta yarda ta yi wa gefen da aka yanke kalmasa.